Taliya da jatan lande a Gabi: cuku da awara a madadin furomaji

Ma'aikacin gwamnati da aka turo Gabi daga Yamai, ko ɗan kasuwar da ya saba sauka Kwatano da Lome, yakan tuna da wani abinci na bakin teku: taliya da jatan lande, an barbaɗa mata furomaji. To amma Gabi, a cikin yankin Madarunfa, tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, kuma furomajin Turai kayan kantin birni ne, ga tsada, ga rashin jure zafi. Shin sai an haƙura ke nan? A'a. Uwargida na iya haɗa wannan girki da abin da ƙasarmu ta tanada.

Masu shekaru ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga Faransa suka yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa bai bi su ba. Haka kuma rufe iyakar Najeriya a 2019, da wanda ya biyo baya a 2023, sun nuna mana cewa tukunyar da ta dogara da kayan waje kullum tana cikin fargaba.

Jatan lande dai dole daga kudu yake zuwa. Busasshe ne, wanda aka kyafe a garuruwan gaɓar tekun Najeriya irin su Oron, ya ratso Kano da Katsina da Jibiya kafin ya iso kasuwar Maraɗi. Tun da ƙanshinsa na da ƙarfi, tafin hannu biyu ya ishi rabin kilo na taliya. A tsince shi, a wanke da ruwan ɗumi saboda yashi, a daka rabi, a bar rabi da jikinsa.

Taliyar kuwa ba sai ta leda ba. Ƴar murji da mata ke murzawa a gida ta wadatar, sai dai tana saurin nuna, don haka kada a yi nisa da murhu.

Saura batun furomaji, kuma nan ne ake yawan kuskure, domin cuku da awara ba aiki ɗaya suke yi ba. Cuku, wanda Buzaye da Fulanin arewacin ƙasar ke yi da nono su shanya shi falle-falle, yana da tauri. A ɗan gasa shi a kan garwashi, a daka ya yi gari, a barbaɗa bayan an sauke tukunya. Shi ne ya fi kusa da busasshen furomajin da mutanen Italiya ke gogawa a kan taliyarsu. Awara kuma daga waken suya take, an daskarar da madararsa da ruwan tsami. Ba ta narkewa komai wuta. Saboda haka a murmushe ta a cikin miya ta sha romo, ko a soya ta ƙanana a zuba a kai. Ta fi cuku araha, tana kuma gina jiki.

Miyar ba ta da wuya: a soya albasa da tafarnuwa a man gujiya, a zuba tumatir da tattasai da dakakken jatan lande, a bar su su dahu. A rage gishiri da magi, don jatan landen ya riga ya kawo nasa. Sannan a juye taliyar a ciki da ludayi guda na ruwan dahuwarta, miyar ta kama ta.

Gargaɗi ɗaya: akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar jatan lande, su yi ƙaiƙayi ko kumburi, har numfashi ya yi wuya. Wanda ya ga haka ya garzaya likita. A wannan gida sai a sa busasshen kifin tafkin Madarunfa a maimakonsa.

Kuɗin da aka ba mai cuku da mai awara ba ya ƙetare iyaka. Ƴan kasuwa, a kawo cukun kusa. Masu gida, a ba uwargida cefane ta gwada.