Ko Ka Sani? Kyamarar Fim Mai Saita Kanta

Ko ka san cewa tun kafin zuwan kyamarar dijital akwai kyamarorin fim da ke saita hoto da kansu? Konica C35 AF ta ƙasar Japan ce ta fara shiga kasuwa da wannan fasaha a 1977. A 1985 kuma Minolta 7000 ta kawo ta cikin manyan kyamarori waɗanda ake sauya wa gilashi.

A irin waɗannan manyan kyamarori, sirrin yana bayan madubin da ke cikin kyamarar. Tsakiyar madubin na barin wani haske ya ratsa, sai wani ɗan ƙaramin madubi ya tura shi ƙasa, inda ake raba shi gida biyu. Na'ura na auna tazarar da ke tsakanin siffofin biyu, nan take ta gane ko gaba za a tura gilashin ko baya.

A nan ne kamfanoni suka raba hanya. Canon ya yi watsi da tsohon tsarinsa a 1987, ya fito da EOS 650, ya sa injin juyawa a cikin kowane gilashi. Nikon kuwa ya riƙe bakin ɗaura gilashi da yake amfani da shi tun 1959, ya sa injin a jikin kyamara. Shi ya sa masana harkar ke cewa a fara duba gilasan da ake da su kafin a zaɓi jiki. Gilashin EF na Canon na aiki a kan kyamarorin fim na EOS, amma EF-S ba ya hawa. A ɓangaren Nikon, F100 ta 1999 na auna haske da tsofaffin gilasan da ake juyawa da hannu, ƙanwarta F80 ta 2000 kuwa ba ta iyawa.

Ga wanda ya wuce ɗan koyo amma bai mai da hoto sana'a ba, kyamarori masu matsakaicin matsayi sun wadatar. EOS 5 ta 1992 har ƙwayar idon mai ɗauka take bi, ta saita inda ya kalla cikin wurare 5. EOS 3 ta 1998 na da wuraren saiti 45. Minolta Dynax 7 ta 2000 na da allo a bayanta mai nuna bayanan kowane hoto.

Batir ma abin lura ne. F100 na cin ƙananan batura huɗu irin na manyan rimot da tocila, masu lambar AA, waɗanda ake samu a kowane kanti. F80 na buƙatar CR123A biyu, EOS 5 da EOS 3 kuma 2CR5, kuma ba ko'ina ake sayar da su ba.

Duk an daina ƙera su, saboda haka na hannu za a saya. A taɓa robar jiki, domin takan yi danƙo idan ta tsufa. A gwada maƙullin murfin baya, wanda a F100 na roba ne kuma yakan karye. A haska tocila cikin gilashi a nemi fumfuna, a leƙa mazaunin batir ko ya yi tsatsa. Kafin a biya, a ɗauki fim guda a wanke, domin shi ne zai tona duk aibin da ido bai gani ba.