Zanga-zangar 'yan kasuwa: sanarwa ake bayarwa, ba izini ake roƙo ba

'Yan kasuwa da yawa a Salaga, Yendi da Bawku na zaton sai 'yan sanda sun amince kafin a fito zanga-zanga kan haraji ko kuɗin rumfa. Ba haka doka ta ce ba.

Tun 1993 Kotun Ƙoli ta Ghana ta soke sharaɗin neman izini, a ƙarar da jam'iyyar NPP ta kai Sufeto Janar na 'yan sanda. Dokar 1994 mai lamba 491 ta buƙaci sanarwa a rubuce, kwana biyar kafin ranar.

Daga nan sai ciniki, sana'ar da kuka fi kowa iyawa. 'Yan sanda na iya neman a ɗage rana ko a sauya wuri, masu shiri kuma su ba da amsa cikin awa 48. In ba a daidaita ba, alƙali ke raba gardama.

Sai dai dokar ce kuma ta ba Ministan Cikin Gida ikon sa dokar hana fita, wadda Bawku ta sha fama da ita. Saboda haka shugabannin kasuwa su riƙe kwafin takardarsu mai hatimin caji ofis, su tsaya kan hanyar da aka yarda. Kowa ya yi da kyau zai ga da kyau.