Lissafin Kemistiri: Abin da lambobin jikin buhun taki ke faɗa wa manomin Baure

Duk wanda ya taɓa sayen takin zamani ya ga lambobin da ake bugawa a jikin buhu: 15-15-15, ko 20-10-10, ko kuma 46 a buhun yuriya. Mutane da dama na ɗaukarsu a matsayin suna kawai, alhali lissafi ne cikakke, kuma shi ne ke nuna ko kuɗin da aka biya ya yi daidai da abin da aka ɗauka.

Batun ya shafi Ƙaramar Hukumar Baure ta fuska biyu. Baure na cikin ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Mai'aduwa da Sandamu, kuma tana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Ƙasarta rairayi ce, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, damina kuma gajera ce. 'Yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati 'yan asalin yankin da ke zaune a Katsina ko Kano ko Abuja kan aika kuɗin taki gida kowace shekara. Su ne kuma ke biyan kuɗin karatun 'ya'ya da ƙanne a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Bayero ta Kano, ko Ahmadu Bello ta Zariya, inda duk ɗalibin kimiyya ko likitanci ko aikin gona ko injiniya yake cin karo da darasin CHM 101 tun a zangon farko. Lissafin da ke ba waɗannan ɗalibai tsoro a ɗakin jarrabawa shi ne dai wanda ke rubuce a jikin buhun da iyayensu ke saya.

Ƙwaryar goro da ƙwaryar doya

Ginshiƙin lissafin Kemistiri shi ne ma'aunin da ake kira mol. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane shi, domin kullum da irinsa yake aiki. Ƙwaryar goro ɗari ce, ƙwaryar doya ma ɗari ce. Adadi ɗaya ne, amma nauyi ba ɗaya ba: yaro zai ɗauki ƙwaryar goro da hannu ɗaya, ƙwaryar doya kuwa sai da baro ko mota.

Haka mol yake. Ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙantar da ba a iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masana suka ware musu tasu ƙwaryar. Mol ɗaya na ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, wato kusan 602 da sifiri 21 a bayansa. Ana kiran wannan adadi da sunan Amedeo Avogadro, masanin ƙasar Italiya da ya rasu a 1856, kuma tun daga ranar 20 ga Mayu, 2019 aka tsayar da shi a matsayin ma'anar mol a tsarin awo na duniya.

Abin da ke bambanta wani sinadari da wani shi ne nauyin mol ɗinsa. Mol ɗaya na haidirojin giram 1 ne, na kabon 12, na naitirojin 14, na oksijin 16, na fosfaras 31, na fotasiyam 39. Ba a buƙatar haddace su, suna nan a jadawalin sinadarai da Dmitri Mendeleev na Rasha ya fara tsarawa a 1869. Da waɗannan lambobi, sikeli ya zama abin ƙirga: wanda ya auna giram 18 na ruwa ya ƙirga mol ɗaya ke nan.

Daga ina 46 ta fito?

Ana rubuta yuriya a taƙaice kamar haka: CO(NH₂)₂. Ma'ana, kowane dunƙule nata na da kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu da haidirojin huɗu. Idan aka tara nauyinsu, 12 da 16 da 28 da 4, za a samu 60. Abin da shuka ke nema a ciki shi ne naitirojin, wanda ya ɗauki 28 daga cikin 60 ɗin. A raba 28 da 60, a ninka da 100, za a samu kashi 46.7 cikin 100. Kamfanoni na rubuta 46 ne saboda ɗan danshi da gurɓin da ba a rasawa. Saboda haka buhun yuriya mai kilo 50 na ɗauke da naitirojin kilo 23.

Ga amfanin wannan a kasuwa. Akwai wani takin mai suna amoniyam salfet, wanda nauyin mol ɗinsa 132 ne, naitirojin a ciki kuma 28, wato kashi 21 cikin 100, ko kilo 10.5 a buhu. A ƙaddara ana sayar da buhun yuriya Naira 40,000, na salfet kuma Naira 25,000. A ido salfet ya fi sauƙi. Amma kilon naitirojin a yuriya ya tashi kusan Naira 1,739, a salfet kuwa kusan Naira 2,381. Gaskiya ne salfet na ba ƙasa sinadarin ƙibiritu wanda babu shi a yuriya, amma wanda naitirojin kawai yake nema, buhun mai araha shi ne mai tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Takin da manoma ke kira kamfa kuwa lambobi uku gare shi, na naitirojin da na fosfaras da na fotasiyam a jere. Buhun 15-15-15 na da kilo 7.5 na kowanne. Sai dai akwai wani abu da ko masu sayarwa da yawa ba su sani ba: lamba ta biyu da ta uku ba na tsantsar sinadarin ba ne. Bisa tsohuwar al'adar masana'antar taki, ana auna fosfaras ne a siffar P₂O₅, fotasiyam kuma a siffar K₂O. Nauyin P₂O₅ 142 ne, fosfaras a ciki 62, wato kusan kashi 44 cikin 100. Nauyin K₂O 94 ne, fotasiyam a ciki 78, kusan kashi 83. Ke nan a buhun akwai tsantsar fosfaras kusan kilo 3.3, da fotasiyam kusan kilo 6.2. Ba ha'inci ba ne, haka tsarin yake a duniya, kuma shawarar malaman gona ma da wannan ma'auni ake bayar da ita.

Buhu nawa hekta ke ci?

A ɗauka malamin gona ya ce hekta ɗaya ta gero na buƙatar kilo 60 na naitirojin, 30 na fosfet da 30 na fotash. Mai amfani da 15-15-15 zai fara da ƙananan lambobin: kilo 30 a raba da 7.5, buhu huɗu ke nan. Waɗannan buhuna sun biya fosfet da fotash, sun kuma ba da naitirojin kilo 30. Saura 30, wanda za a cike da yuriya: 30 a raba da 0.46, kusan kilo 65, wato buhu ɗaya da kusan sulusi.

Mai amfani da 20-10-10 kuwa, irin wanda shirin samar da taki na Shugaban Ƙasa ya yaɗa bayan yarjejeniyar da gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta ƙulla da Maroko a Disamban 2016, buhu shida zai saya, su ba shi 60 da 30 da 30 daidai. Wanne ya fi sauƙi? Sai a kwatanta kuɗin buhu shida na wannan da na buhu huɗu da yuriyar wancan, a farashin ranar.

Abin da ya shiga shi ke fita

Doka ta biyu da ɗalibi ke buƙata ita ce wadda Antoine Lavoisier na Faransa ya bayyana a 1789: a haɗin sinadarai nauyi ba ya ɓata, ba ya ƙaruwa. Tamkar littafin ɗan kasuwa ne, shiga da fita dole su daidaita. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake daidaita ɓangarori biyu na lissafin haɗi kafin a taɓa kwalkuleta.

Yadda ake yin yuriya misali ne mai kyau. Da farko ana haɗa naitirojin na iska da haidirojin da ake cirowa daga iskar gas, bisa hanyar da Fritz Haber ya gano a Jamus a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a 1913:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Giram 28 da giram 6 sun ba da giram 34 na amoniya. Sai a haɗa amoniyar da iskar kabon:

2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O

A hagu 34 da 44, jimla 78. A dama 60 da 18, jimla 78. Daga nan ana iya amsa babbar tambaya cikin minti ɗaya. Tan ɗaya na yuriya na buƙatar amoniya kilo 567, domin 34 cikin 60 na kilo 1,000 ke nan. Masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Lekki ta Jihar Legas a Maris na 2022, wadda aka gina don samar da tan miliyan 3 a shekara, za ta buƙaci amoniya tan miliyan 1.7 idan tana aiki a cike. Lissafin da ɗan aji ɗaya ke yi da giram shi ne injiniya ke yi da tan.

Haɗin na biyu yana iya komawa baya, kuma manomi ne ke ɗaukar asarar. Idan aka watsa yuriya a saman ƙasa mai ɗan danshi a lokacin zafi aka bar ta a fili, takan narke ta koma amoniya, wani ɓangare ya bi iska. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona a binne ta.

A nan ne kuma ake koyar da batun sinadarin da ke fara ƙarewa. Mai giram 34 na amoniya ba zai samu fiye da giram 60 na yuriya ba, ko da an tara masa iskar kabon cike da sito. Abin da ya yi ƙaranci shi ke yanke yawan abin da za a samu. Gona ma haka take: ƙasar rairayi irin ta arewacin Katsina da kudancin Nijar ta shahara da ƙarancin fosfaras, kuma inda shi ne ya gaza, ƙara yuriya kawai ba ya kawo amfanin da ake tsammani.

Inda kuskure ke taɓa rai

Kashi na uku na darasin shi ne ƙarfin haɗi, wato mol nawa ke cikin lita ɗaya. Ruwan da ake ƙara wa majinyaci a asibiti, mai alamar 0.9, na da gishiri giram 9 a lita. Nauyin mol na gishiri 58.5 ne, saboda haka ƙarfinsa mol 0.154 ne a lita, wanda ya yi kusa da na jinin mutum.

Garin gishiri da sukari na masu gudawa, bisa haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002, na da gulukos giram 13.5 da gishiri giram 2.6 da wasu sinadarai biyu a kowace lita. A raba 13.5 da 180, nauyin mol na gulukos, za a samu 0.075, kuma an tsara sodiyam ya zo daidai da wannan adadi, domin tare hanji ke tsotse su. Idan uwa ta juye ƙunshin lita ɗaya a ledar ruwa guda mai rabin lita, ƙarfin ya ninka sau biyu, kuma gishirin da ya yi yawa na iya cutar da ƙaramin yaro. Wajibi ne a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, domin ba duka ne na lita ɗaya ba.

Ƙa'idar tsarma haɗi ɗaya ce, a ɗakin gwaji ko a tankin feshi: ƙarfin farko a ninka da yawan farko daidai yake da ƙarfin ƙarshe a ninka da yawan ƙarshe. Idan aka ce ɗalibi ya haɗa mililita 250 mai ƙarfin 0.1 daga kwalba mai ƙarfin 2, sai ya ninka 0.1 da 250, ya raba da 2. Zai ɗebi mililita 12.5, ya cika da ruwa har 250.

Matakan da ke fid da ɗalibi

Yawancin tambayoyin wannan darasi hanya ɗaya suke bi. Da farko a rubuta abin da aka bayar da abin da ake nema, kowanne da ma'auninsa. Na biyu, a daidaita lissafin haɗin. Na uku, a mayar da giram ko lita zuwa mol. Na huɗu, a yi amfani da lambobin da ke gaban sinadarai don ƙetarawa daga wanda aka sani zuwa wanda ake nema. Na biyar, a mayar da mol zuwa ma'aunin da aka tambaya. A ƙarshe a dubi amsar da idon basira: idan lissafi ya nuna buhu mai kilo 50 na ɗauke da naitirojin kilo 230, an zame a wani wuri.

Wuraren zamewar sanannu ne. Akwai mantawa da mayar da mililita zuwa lita ko kilo zuwa giram. Akwai tsallake ƙaramar lambar da ke bayan baka, kamar 2 ɗin da ke ƙarshen yuriya, wadda ke ninka duk abin da ke ciki. Akwai kuma gaggawar taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shafi kaifin ƙwaƙwalwa. Duk sakaci ne da yawan gwaji ke magancewa. Ɗalibin da ya iya kasafi da kashi cikin ɗari tun daga sakandare ya riga ya mallaki rabin kayan aikin.

Ga iyaye kuwa, akwai hanya mai sauƙi ta gwada ko karatun na shiga. Kafin a aika kuɗin takin bana, a ba ɗalibin gidan girman gonar da shawarar malamin gona da farashin kasuwa, a ce ya fitar da adadin buhunan da haɗin da ya fi sauƙi. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta hana sayar da gurɓataccen taki ko wanda bai cika abin da aka rubuta a jikinsa ba, amma sai mai saye ya san ma'anar rubutun kafin ya san an tauye masa haƙƙi.