Mene ne haɗa magani da motsa ƙwaƙwalwa wajen warkar da ciwon damuwa?

Likitoci na cewa ciwon damuwa ya yi taurin kai idan mutum ya sha magunguna iri biyu yadda ya kamata, amma bai samu sauƙi ba. A nan ne ake ƙara masa da motsa ƙwaƙwalwa, ba tare da ya ajiye ƙwayoyinsa ba.

Hanyar da aka fi ji yanzu ita ce TMS, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2008. Majinyaci na zaune a kujera idonsa biyu, a ɗora masa na'urar maganaɗisu a gefen goshi, tana ƙwanƙwasawa tana farkar da sashen da ke daidaita yanayin rai. Akan yi kwana biyar a mako, har makonni huɗu zuwa shida. Tsohuwar hanyar kuwa, ECT, da aka fara a Italiya a 1938, ta lantarki ce, kuma sai an sa mutum barci.

Amfanin haɗin a fili yake: ciwon yakan dawo bayan ECT, ci gaba da shan magani kuma yana rage hakan.

Mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a cikin kai lallai ya sanar da likita tun kafin a fara motsa masa ƙwaƙwalwa.