Yadda Ake Haɗa wa Injinan Masana'anta Netwok Ɗin da Ba Ya Taɓa Intanet

Injin da ke cika kwalaben lemo ko ɗura siminti a buhu yana karɓar umarni ne daga wata 'yar kwamfuta da ake kira PLC. Ita ke ce masa buɗe, rufe, tsaya. Tana kuma magana da allon da ma'aikaci ke latsawa, wato HMI, ta kebul ɗin Ethernet. Wannan hanyar ce injiniyoyi ke keɓewa daga intanet da kwamfutocin ofis.

Me ya sa ake keɓe ta?

Modbus, ɗaya daga cikin yarukan da injinan ke magana da su, tun 1979 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya samu shiga netwok ɗin zai iya ba inji umarni. Sannan idan hanya ɗaya ce da ta masu sauke bidiyo, cunkoso na iya jinkirta saƙon da inji ke jira.

Matakan haɗawa

1. Ka samu suwic na masana'anta mai jure zafi da ƙura. Kada ka jona shi da rauta ko Wi-Fi.
2. Ka yi amfani da kebul mai rigar kariya, ka nisanta shi da wayoyin wutar manyan motocin injin. Tsawonsa kada ya wuce mita 100. Idan tazarar ta fi haka, sai faiba.
3. Tunda babu rautar da za ta raba adireshin IP, da hannu za ka sa wa kowace na'ura nata. Misali PLC 192.168.10.2, HMI 192.168.10.3, dukkansu da mask 255.255.255.0. Idan biyu suka ɗauki adireshi ɗaya, sadarwa ta rikice.
4. Ka gwada kowace da umarnin ping.
5. Ka canza kalmar sirrin da na'urorin suka zo da ita, ka toshe ramukan da ba a amfani da su, ka adana kwafin manhajar PLC a wani wuri daban.

Keɓewa kaɗai ba ta isa ba

A 2010 aka gano ƙwayar cutar Stuxnet, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Netwok ɗin wurin ba ya kan intanet, amma ƙwayar cutar tana yaɗuwa ta filash. Da ta isa PLC ɗin Siemens sai ta riƙa sauya gudun injinan, alhali allo na nuna komai lafiya lau.

To ka ga sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aiki ko koyon sana'a ya kai ka masana'anta, kada ka sa wayarka caji a ramin USB na HMI, kuma kada ka kunna wa laftof ɗin da ke jone da inji hotspot. Da zarar ka yi haka, ka haɗa injin da duniyar da aka sha wahalar raba shi da ita.