Bishiyar da ba ta son gaggawa

A bakin titunan Abuja da Jos, inda masu sayar da furanni ke jera tukwanensu, za ku ga wata ’yar bishiya mai rassa hawa-hawa, ganyenta siri-siri kamar allura amma da laushi. Masu sayarwa kan kira ta bishiyar Kirsimeti, masana kuma Araucaria heterophylla. Asalinta daga tsibirin Norfolk ne, gabas da Ostireliya, inda tsawonta kan kai mita 50. A cikin tukunya kuwa, sai ta shekara ba ta ƙara abin da ya wuce tsawon tafin hannu ba.

Wannan jinkirin ne ke jawo mata ajali. A kantin magani na saba ganin wanda aka ce ya sha ƙwaya ɗaya ya sha biyu, wai don ya warke da wuri. Haka ake yi wa bishiyar nan: da an ga ba ta motsa ba, sai a yi ta ɗura mata ruwa da taki har saiwarta ta ruɓe.

Ku samo tukunya mai huji a ƙasa, ku gauraya ƙasar da yashi. Kafin ban-ruwa ku tsoma yatsa. In akwai damshi, a bari sai gobe. Taki sai da damina, shi ma kaɗan. Tana son haske, don haka a ajiye ta kusa da taga, a riƙa juya tukunyar duk mako don kada ta karkace. Da hunturu a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa. Kada a datse kanta, domin siffarta za ta lalace, kuma reshen ƙasa da ya bushe ya faɗi ba ya sake tohowa.

Iyaye, sai a kula: takin zamani da maganin ƙwari da kuka sayo dominta su ne abin tsoro a gida mai yara. A kulle su, kuma kada a juye maganin ƙwari a gorar lemo. In yaro ya sha, ban da ɗura manja ko sa shi amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar.

Sauran aikin haƙuri ne. Ku auna ta da autanku a bana. Baɗi war haka zai ba ta rata, ita kuwa lafiyarta ƙalau.