Mike Summerbee: Lamba bakwai ɗin da ya taka leda da Pele a cikin fim

Masu sha'awar finafinan Turawa da wuya a ce ba su san Escape to Victory ba, fim ɗin nan na 1981 da John Huston ya ba da umarni. Kowa dai Sylvester Stallone da Pele yake tunawa. Amma cikin fursunonin yaƙin da su ka kara da Jamusawa akwai wani mai ruga gudu ta gefen dama, wanda ba koyon ƙwallo ya yi don fim ba, sana'ar sa ce tun yana yaro. Sunan sa Mike Summerbee.

An haife shi a Preston da ke Ingila a 1942. Mahaifin sa George ma ɗan ƙwallo ne, sai dai bai yi wani suna ba, kuma ya rasu a 1955 tun Mike yana ɗan shekara 12. Duk da haka yaron ya bi sawun uban. Yana da shekara 16 ya fara buga wa Swindon Town, inda ya yi wasa sama da 200.

Tauraruwar sa ta haska ne a 1965, lokacin da koci Joe Mercer ya saye shi zuwa Manchester City a kan fam 35,000. A lokacin City na rukuni na biyu ne. A kakar sa ta farko su ka haura sama, a 1968 kuma su ka zama zakarun Ingila. Shi da Colin Bell da Francis Lee su ne ƙashin bayan kulob ɗin. A wasan ƙarshe na kofin FA na 1969, shi ya ja ƙwallo ta gefe ya miƙa wa Neil Young, aka ci Leicester ɗaya da nema.

Amma fa ba kullum ake kwana a gado ba. A 1970 City ta je wasan ƙarshe na kofin Turai na Cup Winners' Cup, sai rauni ya hana Summerbee bugawa. Yana kallo abokan sa su ka doke Gornik ta Folan 2-1. Ƙasar sa Ingila ma sau 8 kacal ya buga mata.

Wani abin da zai burge mai karatu shi ne amincin sa da George Best na Manchester United. A fili abokan gaba ne, a waje kuwa har shagon tufafi su ka buɗe tare, kuma Best ne babban abokin ango a bikin sa. Daga baya Summerbee ya kama sana'ar ɗinka riguna, don ya san ƙwallo ba ta riƙe mutum har tsufa.

Ya bar City a 1975, ya buga wa Burnley da Blackpool, sannan Stockport County inda ya haɗa wasa da koci. Bayan ya rataye takalmi ne harkar fim ta zo. A ƙasar Hungari aka yi ɗaukar, tare da Michael Caine da Bobby Moore da Osvaldo Ardiles. A labarin, an tafi hutun rabin lokaci ana cin fursunonin 4-1, ga ramin guduwa an haƙa masu a ɗakin canza kaya, amma su ka ce atafau sai sun koma fili. Pele ya ci ta huɗu da tsalle-wuntsila, Stallone ya kama fenareti, aka tashi 4-4. Abin da ya sa wasan ya zauna a zukatan 'yan kallo shi ne ƙwararrun gaske ne ke bugawa, ba kwaikwayo ba.

Ɗan sa Nicky ma ya gaje shi a gefen dama, ya buga wa Swindon da City da Sunderland. A 2022 aka karrama Mike da lambar girma ta OBE, a 2023 kuma City ta kafa mutum-mutumin sa tare da Bell da Lee a bakin filin Etihad.

Don haka duk wanda zai sake kallon fim ɗin, ya sa ido a gefen dama.